Fassara Bambancin Rukunoni a Nazarin Amincin Takardun Tambayoyin Halayyar Ɗan Adam

Masana ilimin halayyar ɗan Adam suna auna abubuwan da ido ba ya gani, irin su ciwon damuwa da fargaba da gamsuwa da rayuwa, ta hanyar takardar tambayoyi wadda mutum zai amsa, a ba kowace amsa maki, sannan a tara makin ya zama lamba guda da za a yi hukunci da ita. Tun da yake likita na iya ɗora shawarar magani a kan wannan lamba, mai bincike kuma na iya gina aikin shekaru a kanta, wajibi ne a san gwargwadon amincinta, wato rabon bambancin maki tsakanin mutane wanda ya samo asali daga bambancinsu na haƙiƙa, idan aka cire abin da kuskuren awo ya ƙara. Idan takarda ɗaya ta ratsa hannun masu bincike ɗaruruwa, a ƙasashe da harsuna da asibitoci da makarantu, lambar amincin da kowannensu ke bayarwa takan saɓa wa ta ɗan'uwansa, kuma daga nan ne buƙatar tattara rahotannin wuri guda take tasowa, domin a ga ko wasu siffofin binciken ne ke tafiya tare da wannan saɓani. Siffofin da suka fi yawa a irin wannan aiki su ne na rukuni, waɗanda ke raba bincike gida-gida, kamar harshen da aka yi tambayoyin da shi, ko irin mutanen da aka gwada, ko hanyar da aka bi wajen karɓar amsa. Lambar da kwamfuta ke fitarwa a gaban sunan kowane rukuni tana da sauƙin samu, amma ba ta da ma'ana sai mai karatu ya san da wane rukuni aka kwatanta ta, a kan wane sikeli aka lissafa ta, da kuma waɗanne abubuwa ne suka shigo cikin rukunin tare da sunansa.

Asalin fagen

Tunanin raba makin da aka gani zuwa makin gaskiya da kuskuren awo ya faro ne daga ayyukan Charles Spearman na 1904, sannan Kuder da Richardson suka fitar da hanyar ƙiyasta aminci daga gwaji guda a 1937, ga tambayoyin da amsarsu daidai ce ko kuskure. A 1951 Lee Cronbach ya faɗaɗa wannan hanya ga tambayoyi masu amsa mataki-mataki, ya sa mata suna alfa, kuma har yau alfa ce lambar aminci da aka fi bayarwa a rahotannin bincike. Tana duba yadda tambayoyin takarda ɗaya ke tafiya tare da juna, iyakarta ta sama ɗaya ce, kuma duk yadda ta kusanci ɗaya ana ɗauka cewa rabon kuskure ya ragu. A wani ɓangaren kuma, Gene Glass ya ƙirƙiro sunan meta-analisis a 1976 ga aikin haɗa sakamakon bincike da yawa ta hanyar ƙididdiga, inda kowane bincike yake zama kamar mutum ɗaya a cikin samfur.

Tammi Vacha-Haase ce ta haɗa waɗannan hanyoyi biyu a 1998, lokacin da ta tattara lambobin aminci na wata takardar auna halayen da ake dangantawa da maza da mata, wadda Sandra Bem ta tsara, ta nuna yadda suke sauyawa daga bincike zuwa bincike. Ginshiƙin wannan aiki shi ne ra'ayin da kwamitin ƙididdiga na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya jaddada a rahotonsa na 1999, cewa aminci siffa ce ta makin da wasu mutane suka samu a wani yanayi, kuma ba ya bin takardar tambayoyi duk inda ta je kamar hatimi. Wannan ra'ayi shi ne ya ba siffofin rukuni muhimmanci, domin idan aminci yana sauyawa da mutane da yanayi, to akwai buƙatar sanin waɗanne mutane ne da wane yanayi.

Tsarin lissafin

Lambobin alfa na bincike daban-daban suna saɓawa saboda dalilai iri biyu. Na farko shi ne kuskuren ɗibar samfur, wanda ke faruwa saboda kowane bincike ya gwada wasu mutane ƙalilan ne daga cikin jama'a, kuma wannan kuskure yana raguwa idan mutanen sun yi yawa. Na biyu shi ne saɓani na haƙiƙa tsakanin binciken, wanda ba ya gushewa komai yawan samfur, kuma ana nuna girmansa da lambar da ake kira tau mai murabba'i. Gwajin Q na William Cochran, wanda ya samo asali a 1954, yana duba ko saɓanin da aka gani ya wuce abin da kuskuren samfur kaɗai zai haifar, yayin da ma'aunin I mai murabba'i, wanda Julian Higgins da Simon Thompson suka gabatar a 2002, yake nuna kaso nawa na saɓanin da aka gani ne na haƙiƙa. Meta-rigireshan shi ne matakin da ke biye, inda ake ɗaukar alfa na kowane bincike a matsayin abin da ake son bayyanawa, a ɗauki siffofin binciken a matsayin masu bayani, a kuma ba kowane bincike nauyi gwargwadon ƙanƙantar kuskurensa haɗe da saɓanin da ya rage.

Siffar adadi, kamar shekarar wallafa ko matsakaicin shekarun mahalarta, tana shiga lissafi yadda take. Siffar rukuni kuwa suna ce, kuma kwamfuta ba ta ninka suna da lamba, saboda haka ake mayar da ita zuwa ginshiƙai na sifili da ɗaya. Idan rukunonin uku ne, misali ɗalibai da marasa lafiya da jama'ar gari, ana buɗe ginshiƙai biyu kacal, ɗaya na marasa lafiya ɗaya na jama'ar gari, a bar ɗalibai ba ginshiƙi, su zama rukunin tushe wanda ake auna sauran da shi. Daga wannan tsari ne ma'anar kowace lamba take fitowa: lambar farko a jadawali, wadda ake kira mafari, ita ce matsakaicin rukunin tushe, kowace lamba da ta biyo baya kuma tazara ce tsakanin rukuninta da rukunin tushe.

Rukunin tushe da abin da yake ɓoyewa

Kuskuren da ya fi yawa a karatun irin wannan jadawali shi ne ɗaukar mafari a matsayin matsakaicin amincin takardar baki ɗaya, alhali matsakaicin rukuni guda ne, kuma sau da yawa manhaja ce ta zaɓi wannan rukuni da kanta, kamar yadda manhajar R ke ɗaukar sunan da ya fara zuwa a jerin haruffa idan ba a umarce ta da wani abu dabam ba. Idan kuma akwai siffofi da yawa a lissafi guda, mafari yana nufin binciken da ke rukunin tushe na kowace siffa a lokaci ɗaya, wanda kuma kowace siffar adadi tasa take kan sifili, kuma wannan na iya zama binciken da babu irinsa a duniya, kamar wanda aka wallafa a shekara ta sifili. Maganin hakan shi ne a cire matsakaici daga kowace siffar adadi kafin lissafi, domin mafari ya koma yana nufin bincike mai matsakaicin hali.

Abu na biyu shi ne cewa jadawalin rukunoni uku yana nuna kwatance biyu ne kawai daga cikin uku da ake da su. Yana faɗin tazarar marasa lafiya daga ɗalibai da tazarar jama'ar gari daga ɗalibai, amma tazarar marasa lafiya daga jama'ar gari ba ta bayyana sai an lissafa ta daban, tare da kuskuren ƙiyasinta. Don haka idan lambar marasa lafiya ta tsallake gwajin ƙididdiga, ta jama'ar gari kuma ba ta tsallake ba, wannan bai isa hujjar cewa rukunonin biyu sun bambanta da juna ba, domin ana iya samun ɗaya ta tsallake da kyar ɗayar ta gaza da kaɗan, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a kula ba. Sauya rukunin tushe yana sauya lambobin jadawali da darajar p ta gwajin ƙididdigar kowane layi, amma matsakaicin da lissafin ke hasashe ga kowane rukuni ba ya motsawa ko kaɗan. Saboda wannan ne zaɓen rukuni mai bincike biyu ko uku a matsayin tushe yake sa dukan kwatancen su fito da faffaɗan iyakokin tabbaci, har mai karatu ya zaci babu wani bambanci a ko'ina, alhali raunin na rukunin tushe ne kaɗai.

Akwai kuma wata hanya da ake cire mafari baki ɗaya, a ba kowane rukuni ginshiƙinsa, ta yadda kowace lamba za ta zama matsakaicin rukuninta kai tsaye. Wannan yana da amfani wajen gabatar da sakamako, sai dai gwajin gama-gari da manhaja ke bugawa a ƙarƙashin irin wannan tsari yana tambaya ne ko dukan matsakaitan sifili ne, tambayar da amsarta sananniya ce tun kafin a fara, tun da babu takardar da za a ci gaba da amfani da ita idan amincinta sifili ne. Wanda ya ɗauki wannan gwaji a matsayin shaidar cewa rukunonin sun bambanta ya karanta amsar wata tambaya dabam.

Sikelin da aka yi lissafi a kansa

Alfa tana da rufi a kan ɗaya, kuma yawancin lambobin da ake wallafawa suna cunkushe kusa da rufin, abin da ke sa rabuwarsu ta karkata gefe guda, ta saɓa wa sharaɗin da lissafin ya dogara a kai. Saboda haka ake juya ta zuwa wani sikeli kafin a haɗa. Hakstian da Whalen sun ba da shawara a 1976 cewa a cire alfa daga ɗaya, a nemi lambar da idan aka ninka ta a kanta har sau uku za ta ba da abin da ya rage, yayin da Douglas Bonett ya ba da shawara a 2002 cewa a ɗauki logaridim na wannan ragowar. A siffarsu ta asali, duka juyin biyu suna kifar da alƙibla, domin idan alfa ta hau, abin da ya rage daga ɗaya yana sauka, saboda haka lamba mai alamar ragi a gaban wani rukuni tana nufin amincinsa ya fi na rukunin tushe. Kunshin metafor na manhajar R, wanda Wolfgang Viechtbauer na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ya bayyana a 2010, ya gyara juyin biyu ta yadda za su riƙa hawa tare da alfa. Ma'anar wannan ita ce rahotanni biyu da suka ce sun bi hanyar Bonett suna iya fitar da alamomi masu karo da juna a kan sakamako iri ɗaya, kuma mai karatu ba zai san wanda yake hannunsa ba sai ya duba ainihin tsarin da aka rubuta.

Misali na ƙage, wanda aka tsara don bayani kawai, zai nuna yadda ake komawa sikelin alfa. A ce an yi amfani da juyin logaridim mai hawa tare da alfa, mafari ya fito 1.609, lambar marasa lafiya 0.357, ta jama'ar gari kuma 0.163. Mafarin yana daidai da alfa 0.80 ga ɗalibai. Don samun na marasa lafiya sai a fara tara 1.609 da 0.357, a sami 1.966, sannan a juya wannan jimla, ta ba da alfa 0.86, haka na jama'ar gari, jimlarsa 1.772 ce, wadda ke komawa alfa 0.83. Ƙa'idar ita ce a tara kafin a juya, domin wanda ya juya 0.357 ita kaɗai zai sami 0.30, kuma idan ya ce alfa ta ƙaru da 0.30 ya ninka gaskiya har sau biyar, tun da ainihin ƙaruwar 0.06 ce. Duk da haka wannan 0.30 tana da ma'anarta ta kanta, wadda ta fi kowace fassara dacewa da sikelin logaridim: rabon kuskure ya sauka daga 0.20 zuwa 0.14, wato ya ragu da kashi 30 cikin ɗari. Daga nan ake gane cewa lamba ɗaya a wannan sikeli tana nufin tazara dabam-dabam a sikelin alfa gwargwadon inda aka taso, domin 0.693 tana raba kuskure biyu a ko'ina, ta ɗaga 0.70 zuwa 0.85, ta ɗaga 0.80 zuwa 0.90, ta kuma ɗaga 0.90 zuwa 0.95. Iyakokin tabbaci su ma ana lissafa su ne a sikelin da aka juya, sannan a komar da kowane gefe, shi ya sa ba sa zama daidai-wa-daida a dama da hagun matsakaici.

Gwaje-gwaje da ƙarfinsu

Siffar rukuni abu guda ce ko da ta watsu a ginshiƙai da yawa, saboda haka tambayar farko ita ce ko siffar baki ɗayanta tana da alaƙa da aminci, kuma gwajin gama-gari na dukan ginshiƙanta a haɗe ne ke amsa wannan, kafin a shiga kwatanta rukunoni biyu-biyu. Gyaran da Guido Knapp da Joachim Hartung suka gabatar a 2003 yana sa gwajin ya yi la'akari da cewa tau mai murabba'i ita ma ƙiyasi ce, kuma yana rage yawan sakamakon ƙarya idan binciken ba su da yawa. Adadin da ke ba meta-rigireshan ƙarfi shi ne adadin bincike a kowane rukuni, domin bincike uku masu mahalarta dubu-dubu suna nan a matsayin shaidu uku a kan yadda rukuninsu yake. Jagorar ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon bincike, tana ba da shawarar a sami aƙalla bincike goma ga kowace siffa da za a gwada, kuma siffa mai rukunoni biyar tana cin lambobi huɗu daga cikin abin da bayanan za su iya ɗauka. Idan rukuni ya ƙunshi bincike ɗaya tak, lambarsa labarin wannan binciken ce da duk abin da ya keɓanta da shi, kuma rashin tsallake gwaji a irin wannan hali yana nuna ƙarancin shaida ne, ba ya tabbatar da daidaito.

Yawan gwaji shi ma yana da farashi. Wanda ya gwada siffofi goma masu zaman kansu a matakin 0.05, alhali babu ko ɗaya da ke da alaƙa ta haƙiƙa, yana da damar kusan kashi 40 cikin ɗari ta samun aƙalla ɗaya da za ta tsallake bisa tsautsayi, kuma Higgins da Thompson sun nuna a 2004 cewa meta-rigireshan yana da saurin fitar da irin waɗannan sakamako. Wannan ne ya sa siffar da aka ayyana tun kafin ganin bayanai, bisa dalili na ilimi, ta fi nauyi a kan wadda aka tsinto bayan an jarraba ashirin. Haka lambar da ake bayarwa a matsayin kason saɓanin da siffa ta bayyana, wadda ake samu ta hanyar kwatanta tau mai murabba'i kafin shigar da siffar da bayan shigar da ita, takan yi tsalle tsakanin sifili da ɗari idan binciken kaɗan ne. Abin da ya fi ta amfani shi ne saɓanin da ya rage a cikin rukunonin, domin idan ya yi yawa, sanin rukunin da sabon bincike zai faɗa ba zai faɗi amincin da za a samu ba. Iyakokin hasashe, waɗanda ke nuna inda amincin sabon bincike zai iya faɗawa, sukan fi iyakokin tabbacin matsakaici faɗi nesa ba kusa ba, kuma ana yawan ganin na rukunoni biyu sun hau kan juna ko da matsakaitansu sun bambanta a ƙididdiga.

Abin da ke tafiya tare da sunan rukuni

Ko an karanta lambar daidai, ma'anar bambancin tana nan tana jiran bayani, kuma a nan ne nazarin aminci ya keɓanta da sauran nau'o'in meta-analisis. Aminci rabo ne, wanda ake samu idan aka raba warwatsuwar kuskure da warwatsuwar maki baki ɗaya, aka cire sakamakon daga ɗaya, saboda haka yana iya hawa ko sauka ba tare da kuskuren awo ya motsa ba. Idan warwatsuwar kuskure 16 ce a rukunoni biyu, amma warwatsuwar maki 100 ce a na farko, 64 a na biyu, amincin na farko zai zama 0.84, na biyu kuma 0.75, alhali makin kowane mutum a rukunonin biyu yana ɗauke da kuskure iri ɗaya. Sikelin da ke da kuskuren rabin kilo zai jera buhunan hatsi daidai idan nauyinsu ya yi nisa da juna, amma zai rikita jerin idan duk sun kusa zama ɗaya, kuma sikelin bai canza ba a tsakani. Bitar da Aaron Beck da abokan aikinsa suka wallafa a 1988 a kan takardarsa ta auna ciwon damuwa, mai tambayoyi 21 wadda ta fara fitowa a 1961, ta ba da matsakaicin alfa 0.86 ga masu jinyar taɓin hankali da 0.81 ga waɗanda ba masu jinya ba. Kafin a ce takardar ta fi aiki a asibiti, dole a duba ko makin masu jinya ya fi warwatsuwa ne kawai, tun da yawancin masu lafiya sukan taru a ƙasan ma'auni. Hanyar dubawa ita ce a shigar da warwatsuwar makin kowane bincike cikin lissafin tare da siffar rukuni, a ga ko lambar rukunin za ta tsaya ko za ta narke.

Yawan tambayoyi shi ne abu na biyu. Bisa ƙa'idar Spearman da Brown ta 1910, idan matsakaiciyar alaƙa tsakanin tambayoyi 0.30 ce, takarda mai tambayoyi 5 za ta ba da aminci kusan 0.68, mai 10 ta ba da 0.81, mai 20 kuma ta kai kusan 0.90, ba tare da ingancin ko tambaya ɗaya ya sauya ba. Saboda haka siffar da ke raba cikakkiyar takarda da taƙaitacciya kusan kullum za ta nuna bambanci, kuma tambaya mai amfani ita ce ko bambancin ya wuce abin da tsawo kaɗai ya isa ya haifar.

Abu na uku shi ne sarƙewar siffofi. Babu wanda ya rarraba binciken cikin rukunoni ta hanyar ƙuri'a, saboda haka meta-rigireshan nazarin lura ne ko da kowane bincike a cikinsa gwaji ne mai tsari. Siffar harshe ta fi kowace nuna wannan, kuma ta shafi duk wanda ke aiki da takardun da aka fassara zuwa Hausa ko wani harshen Afirka. Binciken da aka yi da takarda a harshenta na asali sau da yawa ɗaliban jami'a ne ke cike ta da kansu, yayin da fassarar takan shiga asibiti ko ƙauye inda ma'aikaci ke karanta wa mutum tambayoyin ya rubuta amsarsa, a tsakanin mutane masu shekaru da zurfin karatu dabam. Idan alfa ta fassara ta fito ƙasa da ta asali, fassarar na iya zama sanadi, kamar yadda hanyar karɓar amsa ko irin mutanen ke iya zama, kuma idan babu isassun binciken da suka haɗa fassara da ɗalibai, ko harshen asali da hira baki da baki, babu lissafin da zai raba waɗannan dalilai. Jadawalin da ke nuna yawan bincike a kowace mahaɗar siffofi biyu yakan bayyana wannan tun kafin a yi wani gwaji, domin gurabe marasa kowa suna nuna inda lissafin yake hasashe ba tare da shaida ba. Bugu da ƙari, alfa iri ɗaya a harsuna biyu ba ta tabbatar da cewa abu ɗaya ake aunawa, domin wannan tambaya ce ta daidaiton awo tsakanin rukunoni, wadda ke buƙatar amsoshin mutum-mutum ga kowace tambaya.

Daga nan kuma ake shiga haɗarin da William Robinson ya bayyana a 1950, na ɗora hukuncin taro a kan ɗaiɗaikun mutane. Idan aka raba bincike zuwa masu rinjayen mata da masu rinjayen maza, aka ga na farko sun fi aminci, abin da aka gano siffa ce ta binciken, kuma bai nuna cewa amsoshin mata sun fi na maza daidaituwa a cikin bincike guda ba. Irin wannan rabo yana da wata illa, domin yanka siffar adadi gida biyu yana zubar da bayani, yana haɗa bincike mai kashi 51 cikin ɗari na mata da mai kashi 100 a rukuni ɗaya, kuma wurin yankan yana iya sauya sakamako. Ita kanta alfa tana daidai da aminci ne kawai idan dukan tambayoyin suna auna abu guda da ƙarfi iri ɗaya, kuma kuskurensu ba ya tafiya tare, saboda haka bambancin alfa tsakanin rukunoni yana iya nuna bambancin yadda aka saɓa wa waɗannan sharuɗɗa, abin da ya sa masana da dama suke fifita lambar omega ta Roderick McDonald inda bayanai suka ba da dama.

Binciken da ba su shiga lissafi ba

Duk abin da aka faɗa ya dogara ne a kan rahotannin da suka ba da lambar aminci daga nasu samfurin, kuma waɗannan ba su ne mafi yawa ba. Bitar da Vacha-Haase da Bruce Thompson suka wallafa a 2011, wadda ta duba nazarce-nazarce 47 da suka ƙunshi rahotanni kusan 13,000, ta gano cewa fiye da rabinsu ba su ambaci aminci ba sam, wasu kuma sun aro lambar daga littafin jagorar takardar ko daga wani bincike na baya. Da yake al'ada ta kafa 0.70 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa, bisa wani karatu na shawarar Jum Nunnally ta 1978 wadda shi ya keɓe ga matakin farko na bincike, akwai dalilin tsammanin cewa lambobin da suka faɗi ƙasa da haka sun fi ɓacewa daga rahoto. Idan ɓacewar ta fi yawa a wani rukuni, matsakaicinsa zai kumbura, tazararsa da sauran ta ragu ko ta juya, saboda haka kason rahotannin da suka ba da lamba a kowane rukuni yana cikin abin da ya kamata a gabatar. Akwai kuma matsalar bincike guda da ya ba da alfa da yawa, ta maza da ta mata, ko ta farkon jinya da ta ƙarshenta, waɗanda idan aka ƙirga su a matsayin shaidu masu zaman kansu za su ƙuntata iyakokin tabbaci fiye da haƙƙi. Lissafi mai hawa-hawa, ko hanyar da Larry Hedges da Elizabeth Tipton da Matthew Johnson suka gabatar a 2010, suna gyara wannan. Jerin ƙa'idojin rahoto na REGEMA, wanda Julio Sánchez-Meca na Jami'ar Murcia ta Sifaniya da abokan aikinsa suka wallafa a 2021, an tsara shi ne domin masu irin wannan nazari su riƙa bayyana waɗannan matakai a fili.

Rahoton da ya cika haƙƙin mai karatu zai faɗi rukunin tushe da dalilin zaɓensa, da juyin da aka yi wa alfa da alƙiblarsa, da yawan bincike da mahalarta a kowane rukuni, sannan ya ba da matsakaicin kowane rukuni a sikelin alfa tare da iyakokin tabbaci da na hasashe, ya kuma nuna abin da ya faru da bambancin bayan an shigar da warwatsuwar maki da yawan tambayoyi. Bayan haka sai a tambayi ko bambancin ya kai ya sauya wani hukunci, domin tazara tsakanin 0.88 da 0.91 na iya tsallake gwaji ba tare da ta shafi aikin kowa ba, yayin da tazara tsakanin 0.68 da 0.80 take da nauyi ga mai kwatanta rukunoni, kuma 0.68 da 0.80 duka ba su kai 0.90 da Nunnally ya nema ga hukuncin da ya shafi mutum ɗaya ba. Likita ko malamin da zai yi amfani da takarda a wani sabon wuri zai sami jagora daga matsakaicin rukunin da ya fi kama da mutanensa, wajen tsara yawan samfur da sanin abin da zai yi tsammani, amma wajibin lissafa amincin makin mutanen da ya gwada da kansa, da wallafa shi ko ya yi ƙasa, yana nan a wuyansa, kuma daga irin waɗannan rahotanni ne rukunonin da ke da ƙarancin shaida a yau, ciki har da na takardun da aka fassara zuwa harsunan Afirka, za su sami adadin binciken da zai sa a iya faɗin wani abu tabbatacce a kansu.